Zuƙar Farko

Bango ɗaya ya raba ɗakina da na Garwashi, bangon kuma ba shi da wani kauri. In matarsa ta ajiye cokali ina ji. Saboda haka labarinsa rabi da ido na gan shi, rabi da kunne na ji shi, inda ban tabbatar ba kuma zan faɗa. Tafinta na yi a kotu har na tsufa, can aka hore ni da kada in ƙara wa maganar mutum gishiri.

Garwashi ba sunan yanka ba ne, sana'a ce ta raɗa masa. Lokacin da na kama haya a gidan, shi ne mai gugar unguwa. Teburinsa yana ƙarƙashin rumfar ƙofar gida, da tsohon bargo a shimfiɗe a kai, da dutsen guga na gawayi, irin mai ɗan zakara a hanci. Yakan zuba gawayi, ya yi ta lilo da dutsen a iska har cikinsa ya yi ja, ya jiƙa yatsa ya taɓa gindin, daga ƙarar kaɗai ya san ko zafin na alharini ne ko na kaki. Ban taɓa jin ya ƙona rigar kowa ba. Karin wandonsa yakan tuna mini da safiyar Litinin a makarantar mishan, muna tsaye a layi, Fada, limamin mishan ɗin, yana bi yana duba karin wando da farce da bayan kunne. Rabona da ganin kari irin wannan tun zamanin, sai a teburin Garwashi.

Mahaifinsa direban babbar mota ne, ban riske shi ba. An ce da guntun sigari yake kunna na gaba. Tari ya kama shi, ya yi ta cinsa har ya koma kamar kara, ya rasu lokacin Garwashi yana fara gemu. Mahaifiyar, wadda duk gidan muke kira Inna, ita ta yi jinyarsa daga farko har ƙarshe. Ana gama zaman makoki ta kama hannun ɗanta, shi ke nan gare ta, ta sa shi ya rantse ba zai taɓa sa sigari a bakinsa ba. Ya rantse, ya kuma riƙe.

Daga baya ciwon yanar ido ya rufe idanun Inna, sai hanci ya karɓi aikin ido. Duk sanda Garwashi ya dawo gida ya durƙusa gaishe ta, sai ta laluba ta kamo wuyan rigarsa ta shinshina.

"Inna, ni fa da furfura a gemuna," yakan ce.

"Ubanka ma da furfurarsa ya tafi. Miƙo yatsun."

Matarsa, wadda har yau ake kira Amarya duk da 'ya'yanta sun shiga makaranta, takan leƙo daga kicin tana dariya. "An iso shingen kwastan. Inna, a duba aljihu ma, ban yarda da shi ba."

"Ke ma zo in ji ki, ja'ira. Ai ba maza kaɗai ke lalacewa ba."

Haka gidan yake, kuma gida ne mai daɗin zama.

Sai guga ta fara ja da baya. Aka buɗe shagunan wanki masu inji, samari kuma suka koma sa tufafin da ba su san dutsen guga ba. Wata rana Garwashi zai wuni bai hura wuta ba. Cikin 'yan kwastomomin da suka rage akwai manajan wani gidan shisha da ke saman bene a bakin mahaɗar titi. Ya tsaya yana kallon yadda Garwashi ke juya gawayi da ɗan maɗauki, ya ce masa irin hannun da yake nema ke nan.

Ga waɗanda ba su san shisha ba, kamar yadda ni ma ban sani ba a lokacin: kwalba ce mai ruwa a ciki, da dogon wuya na ƙarfe, da ɗan ƙoƙo a bisa, da tiyo a gefe. A ƙoƙon ake cusa wani abu mai danƙo da ƙamshin 'ya'yan itace, su suna ce masa filebo. A rufe da takarda mai ƙyalli, a huhhuda ta, a ɗora garwashi. In an zuƙi tiyon, hayaƙi ya bi ta cikin ruwa yana ɓulɓul ya zo baki.

To, wannan gidan yana da wata ƙa'ida da manajan ke alfahari da ita: ba a miƙa wa baƙo shisha da sanyinta. Mai wuta zai sa baki ya yi ta zuƙa har taba ta kama, hayaƙi ya yi kauri ya yi fari, sannan ya sauya ɗan bakin roba ya miƙa. Wannan suke kira buɗewa. In garwashi ya mutu aka sauya, a sake buɗewa. Garwashi ya ƙware a kai har baƙi suka riƙa cewa in ba shi ya buɗe ba ba sa so.

Ranar da ya kwatanta mini aikin a ƙofar gida, na tambaye shi, "Wannan ba taba ba ce?"

"Haba Baba Tafinta! Ka ji warin taba a jikina? Tuffa ce da na'ana'a. Kuma ta cikin ruwa hayaƙin yake bi, ruwa ya wanke shi tas kafin ya iso. Ni ma ai ba sha nake ba, buɗewa nake. Masu sha suna can a kan kujera."

Ya faɗa da zuciya ɗaya. Mutum ne da ya yi rayuwarsa cikin wanki, ya san abin da ruwa ke yi wa dauɗa, bai ga dalilin da zai sa hayaƙi ya fi ƙarfin ruwa ba.

Inna kuwa abin da ya gaya mata shi ne ya sami aikin kula da wuta a wani wurin shaƙatawa. Bai yi ƙarya ba, bai kuma ƙarasa ba. Ta kamo wuyan rigarsa kamar kullum, ta shaƙa, ta sake shaƙa.

"Yau kuma ƙamshin me?"

"Kankana, Inna."

"Ikon Allah. Daga warin gawayi an koma turare. Allah ya yi albarka."

Sau ɗaya na taɓa hawa benen. Ƙaramar 'yarsu ce ke zazzaɓi, Amarya ba ta iya fita ba, na ce ta kawo kular abincinsa in kai masa. Da la'asar ne, rana na nan, amma ciki kamar magariba. Kujeru masu laushi a jere, samari da 'yan mata da ma magidanta kowa da tiyo a hannu, ɓulɓul na tashi ta ko'ina kamar kwaɗi a damina. Ta cikin hayaƙin na hango wani allo a bango, an zana karan sigari an soke shi da jan layi, an rubuta ba a shan taba a nan.

Ina tsaye sai ga duba-gari ta shigo, wata mace mai tabarau da na sani tun ina kotu. A zamaninmu in aka ce ga duba-gari, unguwa ce ke tashi. Da gajeren wandon kaki yake zuwa da ludayi, ya tsoma a randa, in ya ga tsutsa ɗaya maigida ya kwana da sammaci. Wannan ta zaga ɗakin tana kore hayaƙi da takardar hannunta, ta tarar da wani bawan Allah a lungu ya kunna sigari. Nan take ta sa aka fitar da shi, ta yi wa manaja kashedi. Manaja ya ba da haƙuri har da dafa ƙirji. Kusa da ƙafarta Garwashi yana durƙushe yana buɗe wa wani baƙo kwalba, kumatunsa sun lotsa, hayaƙi na fita ta hancinsa kamar bututun jirgi.

A matakala na tare ta. "'Yata, kin kama kara ɗaya kin bar dajin yana ci."

Ta cire tabarau ta goge ido, hayaƙin ya sa su ja. "Baba, kai ka fi ni sanin kotu. Lokacin da aka rubuta dokar nan ba a san wannan kwalbar a garin nan ba, ba ta ciki. Manaja yana da lauya, lauya ya ce filebo ne. In na taɓa kwalba ɗaya, gobe ni ce a tsaye gaban alƙali. Mun rubuta, mun sake rubutawa a gyara dokar. Ana dubawa, in ji su."

Na san gaskiya ta faɗa. Na sauko ƙirjina yana zafi, ni da ban yi rabin sa'a a ciki ba.

A lokacin ana hura gawayin a baranda, tagogi kuma a buɗe. Amma telan da ke ƙasan benen da mai kemis ɗin gefe suka fara ƙorafi, hayaƙi na shiga musu shago, kayan ɗinki suna ɗaukar ƙamshi. Manaja ba ya son a kai ƙara a jawo ido kansa, sai ya yi abin da yake gani gyara ne. Ya sa aka toshe tagogi da katako, aka rataya labule masu nauyi, aka kafa na'urar sanyaya ɗaki. Murhun gawayi kuma aka ɗauke shi daga baranda aka kai wani ɗan sito a baya, inda ake ajiye tsintsiya da bokiti, ba taga, ƙofa ɗaya. Maƙwabta suka huta. Duk abin da da yake fita titi, yanzu ciki yake zama.

Da Garwashi ya ba ni labari sai na tuna Sista mai koya mana kiwon lafiya a makarantar mishan. In ta shigo aji ta ga taga a rufe, sai ta buɗe da kanta ta ce iska ba ta biyan haya, ku bar ta ta shigo. Na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, yanzu sanyi ake saya, ba iska ba."

Ciwon kai ya fara zuwa. Yakan dawo yana dafe da goshi, ya ce jiri yake ji, abinci ma sai Amarya ta yi da gaske. Ta ce rana ce, shi ya ce gajiya ce. Sannan tari ya biyo baya. Da safe yake zuwa, kafin a ɗora ruwan shayi. Ta bango nake jinsa: ya yi, ya yi, ya tsaya kamar numfashin ya ƙare, sannan a ƙarshe wani siririn fito ya biyo, kamar ana jan ƙofar da ta yi tsatsa.

Wata safiya na fito da butata, na tarar da Inna zaune a bakin ƙofarta, ta karkata kai wajen ɗakin ɗanta.

"Malam," ta ce ƙasa-ƙasa, "ka ji abin da na ji?"

"Mura ce, Inna. Sanyin na'urar nan ne."

"Mura ba ta yin fito. Na kwana da wannan tarin shekara da shekaru. Ko a kasuwa na ji shi zan gane shi."

Daga ranar binciken ya tsananta. Ta shinshina riga, ta shinshina yatsu, ta shinshina hula, ta sa Amarya ta kawo mata wandonsa ta lalube aljihu. Ba ashana, ba ɓurɓushin taba, sai tuffa da na'ana'a. Amarya ta daina zolayar kwastan. Abin da ya fi tayar wa Inna hankali ke nan: ga tarin mijinta ya dawo gidan, hancinta kuma ya kasa gano ta inda ya shigo. Ta rage cin abinci. In Garwashi ya fita aiki, sai ta yi ta tambayar ko an yi la'asar, ko an yi magariba.

Ranar da abin ya faru ruwa ake yi tun azahar. Wannan daga bakin mai share wurin na ji shi, don ban gani ba. Ruwan ya tara mutane, gidan ya cika, ga wutar lantarki ta ɗauke, na'ura ta tsaya. Kowa na kiran wuta. Garwashi ya cika murhu da gawayi a cikin siton, ya ja ƙofa don kada hayaƙin ɗanyen gawayi ya dami baƙi. Ya fito ya buɗe wannan, ya koma ya ɗebo, ya fito ya buɗe wancan. Can wani baƙo ya yi ta kira, "Garwashi, wuta! Garwashi!" Shiru. Har ya fara zagi. Da mai shara ya tura ƙofar siton, sai ya ji ta tokare da wani abu. Ƙafarsa ce.

Amarya ta faɗo ɗakina ko mayafi babu, waya a hannu, ta ce an kai Garwashi asibiti. Muka ce wa Inna za mu dubo wata maƙwabciya. Ta juyo da fuskarta wajenmu har muka fita.

Mun same shi an rufe masa hanci da baki da robar iska, idanu a buɗe amma kamar bai san mu ba. Sai washegari ya dawo daidai. Likitan matashi ne, da alamar bai yi barci ba. Ya ce iskar gawayi ce ta kayar da shi, irin wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma da an ƙara jinkiri kaɗan da wani zancen ake yi. Ya ce wannan sun shawo kanta. Sannan ya ɗaga hoton ƙirji ya saita shi da hasken taga.

"Kara nawa kake sha a rana?"

"Ban taɓa sha ba, likita."

Likita ya dube ni. "Baba, kai ne mahaifinsa? Gaya masa ni ba ɗan sanda ba ne."

"Maƙwabcinsa ne ni," na ce, "kuma gaskiya ya faɗa. Amma tambaye shi aikinsa."

Garwashi ya yi bayani, da ƙoƙo, da garwashi, da buɗewa. Likita ya ajiye biro.

"Kowace kwalba kai ke fara zuƙa?"

"Kowace. Amma ta ruwa yake bi."

"Ruwan ba ya wanke komai, malam. Sanyaya hayaƙin yake yi, don ya wuce maƙogwaro bai ƙona ka ba, ya sauka can ƙasa. Filebon nan taba ce aka yi wa kwalliya. Ga hayaƙin gawayi a kai. Baƙo kwalba ɗaya yake sha ya tafi gida. Kai na kowa kake sha."

Ya nuna wani wuri a hoton da bakin biro, wani duhu-duhu kamar inda yatsa mai maiƙo ya taɓa gilashi. Ya ce bai ce komai ba tukuna, yana iya zama tabon wani tsohon ciwo, yana iya zama wani abu. Sai an ƙara gwaji, a kuma sake hoto nan gaba a gani ko ya motsa. Na sha ganin mutane a gaban alƙali lokacin da ake karanta hukunci, na san yadda fuska ke yi. Haka ta Garwashi ta yi. Da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, kada Inna ta ji."

Wa zai ɓoye wa Inna? Ranar da aka sallamo shi, yana durƙusawa ta kamo rigar, ta shaƙa sau ɗaya ta saki.

"Warin asibiti. Maƙwabciyar taku ta warke?"

Amarya ta kora yara waje.

"Zauna," Inna ta ce masa. "Wutar da kake kula da ita, me ake dafawa a kanta?"

Ya faɗa mata, a hankali, yana kallon ƙasa kamar tana ganinsa. Ta saurara ba ta katse shi ba har ya zo kan tiyo.

"Wa ke fara sa baki? Da kai nake, ɗan nan."

"Ni ne, Inna. Amma wallahi ban taɓa sa sigari a bakina ba. Rantsuwata na nan."

Na zaci za ta yi faɗa, ko kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Na sani. Ni ce na zauna gadin ƙofa, ɓarawo ya shafa turare ya wuce ta gabana, har ina sa masa albarka." Sannan ta ce ya juya. Ta ɗaga rigarsa ta kafa kunne a bayansa, ta ce ya ja numfashi. Ya ja. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago, ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayarta abin da ta ji, ita ma ba ta faɗa ba.

Bayan 'yan kwanaki manaja ya zo dubiya da leda cike da tuffa. Kafin ya gama sallama Inna ta ce, "Amarya, fitar min da wannan abin daga gidan nan." Manaja ya yi yaƙe, ya ja Garwashi rumfar ƙofar gida inda nake zaune. Ya ce baƙi suna ta tambaya, wanda aka sa a madadinsa bai iya buɗewa ba, ko ya ƙona filebo ko ya miƙa da sanyi. Ya ce an huda bangon siton an sa ɗan fanka. Ya ce ya dawo ko na ɗan lokaci ne, ai gwajin asibiti ba da fatar baki ake yinsa ba, ga yara a makaranta.

Na ce masa na ji a rediyo ana maganar gyara doka a sa shisha a ciki, har da rufaffun ɗakuna da ma'aikatan da ke wuni a cikinsu.

"Baba, tun ina yaro ake magana a rediyo," ya ce. "Ranar da suka gyara ma gani."

Maganar gyaran ba ƙarya ba ce. Duba-gari ta zo har gida ta roƙi Garwashi ya je gaban kwamitin da ke sauraron jama'a ya faɗi abin da ya same shi. Na raka shi, na sa tsohuwar kwat ɗina ta kotu. Bai yi dogon bayani ba. Ya kwatanta buɗewa, ya kwatanta siton, sai tari ya sarƙe shi a tsakiyar magana, da fiton nan a ƙarshe, ɗakin ya yi tsit har ya lafa. Suka rubuta, suka yi godiya, suka ce za a duba. Har yau da nake wannan rubutu ana dubawa, benen kuma yana nan a buɗe.

Gida kuwa ya fara jin jiki. Ina jin Amarya ta bango tana kankare gindin tukunya. Garwashi ya rage magana. Wata la'asar na ga ya fito daga ɗaki sanye da baƙar rigarsa ta aikin gidan shisha, yana tafiya a hankali, takalma a hannu don kada a ji. Amarya na tsaye a ƙofar kicin ta toshe baki da gefen zani.

Bai kai soro ba ya tsaya. Inna ta riga shi. Ban san lokacin da ta jawo tabarmarta ba, ita da ba ta zuwa ko'ina sai an riƙe mata hannu. Ta shimfiɗa ta a bakin ƙofar fita, ta kwanta a gicciye, kanta a jikin wannan gefen ƙofar, ƙafarta a jikin wancan.

"Na ji ƙamshin rigar tun da ka ciro ta daga akwati," ta ce. "Wuce mana."

"Inna, yara za su ci abinci. Ba zan buɗe ba, wuta kawai zan kula."

"Haka ubanka ya ce, kara ɗaya kawai bayan abinci. Tsallake ni ka wuce. Ba nisa, taki ɗaya ne."

"Inna, don Allah."

"Na wanke wa ubanka ƙyallen da yake tofa jini a ciki da hannun nan. A lokacin ina da ido, ina da ƙarfi. Yanzu in ka kwanta, da me zan yi jinyarka? Ko kwanon ruwa ba zan gani in miƙa maka ba. Ni ya kamata ka binne. Kada ka juya min shi. In kuwa za ka juya, to fara da tsallake ni."

Ya daɗe a tsaye da takalma a hannu. Yaran sun dawo daga makarantar yamma suka tsaya ta waje, su ma ba su tsallaka ba. Can ya ajiye takalman, ya cire rigar ta kai, ya miƙa wa Amarya. Ya durƙusa ya ɗago Inna, ita kuwa ta bi hannunsa ta laluba har wuya, ta riƙe.

Washegari ya jawo dutsen guga daga ƙarƙashin gado, ya kankare tsatsa, ya shafa wa zakaran mai. Na sa ya matsar da teburin daga cikin rumfa zuwa inda iska ke ratsawa, na kuma kwaso duk rigunana har da waɗanda ba su yamutse ba. Telan ƙasan benen ya fara aiko masa da sababbin ɗinki. Ba ya isa, amma ana ɗora tukunya.

An yi gwajin farko, ba a ga abin da ake tsoro ba, ba a kuma ce babu ba. Likita ya ce a dawo a sake hoto bayan damina. Inna ba ta jiran hoto. Kowace safiya sai ya juya mata baya ta kafa kunne, ta saurara, ta sauke rigar ba ta ce komai ba.

Ni ma ina da nawa sauraron. Nakan farka kafin su, in zauna a bakin gado kusa da bango. In tarin ya zo, gabana ya faɗi, in bi shi har fiton ƙarshe ina auna ko ya fi na jiya tsawo. In kuma ya makara bai zo ba, gabana ya fi faɗuwa, don shiru iri biyu ne, bango kuma ba ya gaya maka wanne ne. Sai in riƙe numfashina in jira, har in ji ƙarar gawayi ana zuba shi a dutse.